HANTA DA AYYUKANTA: DARASI DOMIN HAKIMAI DA MALAMANSU

Gabatarwa

Wannan ɗan littafi an shirya shi ne domin hakimai da malamansu, musamman waɗanda ƙasarsu ta yi iyaka da unguwannin masana'antu na Kano, watau Sharaɗa da Challawa da Bompai, da waɗanda ruwan da ke fitowa daga can yake ratsa ƙasarsu. Nufinsa shi ne a bayyana aikin da hanta ke yi a jikin ɗan Adam, da abubuwan da ke ɓata ta, da abin da shugaba zai iya yi don ya tsare jama'arsa.

Dalilin da ya sa aka zaɓi hanta kuwa shi ne, ita gaɓa ce mai haƙuri. Haƙori in ya lalace nan da nan mai shi zai sani, haka ido, haka ƙafa. Amma hanta takan yi shekara goma ko ashirin tana lalacewa, mai ita yana noma, yana zuwa kasuwa, bai san kome ba. Ranar da ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, sau da yawa an makara. Abin da mutum ba ya ji a jikinsa kuwa ba ya kula da shi, sai fa in wani wanda yake jin maganarsa ya gargaɗe shi. Nan aikin hakimi yake.

1. Inda hanta take da kamanninta

Hanta tana cikin ciki ta wajen dama, daga sama, haƙarƙari ya rufe ta. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya ya san kamanninta: ja ce mai duhu, mai laushi, da 'yar jakar matsarmama manne a ƙarƙashinta. Ta mutum ma haka take. Ita ce mafi girma cikin kayan ciki, nauyinta a jikin baligi kamar kilo ɗaya da rabi, watau laba uku da ɗan abin ɗoriya.

Hausawa kan ce wane da wane kamar hanta da jini suke, in suna nufin ba a raba su. Wannan magana daidai take da abin da likitoci suka gani. Jinin da ke jikin baligi wajen lita 5 ne, a cikin kowane minti ɗaya kuwa kamar lita ɗaya da rabi na ratsa hanta. Ta hanya biyu jinin yake shigo mata. Hanya ta farko daga zuciya take, tana kawo jini mai iska mai kyau. Ta biyu, wadda ta fi girma, daga hanji take, ita ce ke kawo kamar kashi uku cikin huɗu na jinin.

Wannan hanya ta biyu ita ce ya kamata mai karatu ya riƙe, gama ita ce mabuɗin darasin duka. Kusan duk abin da mutum ya ci ko ya sha, in ya narke a hanji ya shiga jini, ba ya wucewa sauran jiki sai ya fara biyawa ta hanta. Kamar yadda a zamanin da ayarin fatake ba ya shiga birni sai ta ƙofa, inda sarkin ƙofa zai duba kaya, haka hanta take tsaye a bakin ƙofar jiki. Tuwo da fura ta nan suke bi. Magani ta nan yake bi. Guba ma, in an sha, ita ce ke fara karɓarta.

2. Ayyukan hanta

Ayyukan hanta suna da yawa ƙwarai, amma a nan za mu tara su kashi shida.

Na farko, ajiya. Hanta rumbu ce. Bayan mutum ya ci abinci, sukari yakan yi yawa a jini, sai hanta ta kwashe rarar ta mayar da ita wani irin gari, ta adana. In an jima jini ya bukaci sukari, sai ta riƙa saki kaɗan kaɗan. Wani masani na ƙasar Faransa, Claude Bernard, shi ne ya gano wannan, a shekarar 1857 ya ware garin nan daga hanta ya nuna shi. Da wannan ajiya ce mai azumi yake wuni yana aiki tun daga sahur har faɗuwar rana. Ajiyar ba ta wuce ta kwana ɗaya, amma in ta ƙare hanta tana iya ƙera sabon sukari daga waɗansu abubuwa na jiki. Ban da sukari tana ajiye sinadarin ƙarfe wanda ake yin jini da shi, da bitamin A mai taimakon gani, da bitamin B12.

Na biyu, yin ruwan matsarmama. Kullum hanta tana yin ruwan nan mai ɗaci, daga rabin lita zuwa lita guda. Jakar matsarmama ma'ajiya ce kawai, ba ita ke yin ruwan ba. In mutum ya ci abu mai maiƙo, sai jakar ta matse, ruwan ya zuba cikin hanji, ya farfasa man kamar yadda sabulu yake yi wa maiƙon kwano, sa'an nan hanji ya iya tsotse shi.

Na uku, fitar da tsohon jini. Jajayen ƙwayoyin jini ba su wuce kamar kwana 120 suke tsufa. In sun mutu, saifa ce ke farfasa yawancinsu, sai wani launi rawaya ya fita daga cikinsu. Hanta ce ke kwashe launin nan daga jini ta zuba shi cikin ruwan matsarmama, ya fita tare da bayan gida. In hanta ta kasa, ko hanyar ruwan ta toshe, launin sai ya taru a jiki: ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar ruwan shayi. Wannan shi ne abin da jama'a ke kira shawara. Sai a lura, shawara alama ce, cututtukan da ke kawo ta kuwa suna da yawa, kowacce da maganinta.

Na huɗu, ƙera kayan jini. Akwai wani furotin da hanta ke yi wanda yake riƙe ruwa a cikin jijiyoyi. In ya yi ƙaranci, ruwa sai ya tsiyaye ya taru a ƙafafu da ciki. Ita ce kuma ke yin yawancin abubuwan da ke sa jini ya daskare in an yanke. Shi ya sa mai tsohon ciwon hanta yakan yi yawan haɓo, dasashinsa na jini, ƙaramin rauni ya ƙi tsayawa.

Na biyar, kashe guba. In jiki ya sarrafa nama da wake da sauran abinci mai gina jiki, akan sami wani abu mai guba, amoniya. Hanta ce ke juya shi ya zama abin da ƙoda za ta iya fitarwa cikin fitsari. In ta kasa, gubar sai ta hau kai, majinyaci ya ruɗe, ya yi ta barci da rana, ya faɗi maganar da ba ta da kan gado, har waɗansu su zaci aljanu ne suka taɓa shi. Haka kuma magunguna da giya da yawancin abubuwan da ba na jiki ba, hanta ce ke karya ƙarfinsu. Amma a nan akwai abin lura: wani lokaci wajen karya abin sai ya rikiɗa ya zama ya fi dā mugunta, ya ƙone hantar kanta.

Na shida, tsaro. A cikin hanta akwai waɗansu ƙwayoyi masu gadi, suna kama ƙwayoyin cuta da suka ɓullo daga hanji, suna cinye su kafin su kai zuciya.

Allah ya yi wa hanta wata baiwa da sauran kayan ciki ba su da irinta. In likita ya yanke kashi biyu cikin uku na lafiyayyar hanta, ragowar takan tofo ta cike gurbin cikin 'yan watanni. Amma wannan baiwa tana da iyaka. In ana yi mata rauni kullum, shekara da shekaru, sai tabo ya maye gurbin nama, ta ƙanƙance, ta yi tauri da gurje-gurje. Jini sai ya kasa ratsa ta, ya koma baya, saifa ta kumbura, jijiyoyin maƙogwaro su cika har su fashe, mutum ya yi aman jini. Hantar da ta kai haka ba ta komawa yadda take. A irin wannan hanta ce kuma ciwon daji ya fi tsirowa. Ana dashen hanta a duniya, wani likita na Amurka, Thomas Starzl, shi ya fara gwadawa a 1963, amma aiki ne mai tsada ƙwarai wanda talaka ba ya ko mafarkinsa. Saboda haka abin da ya rage mana shi ne tsarewa.

3. Hanta da masana'antu

Kano ta daɗe da sanin jima da rini. Majeman dā da bagaruwa da toka suke aiki, marina kuma da baba. Da masana'antun zamani suka zo, aka fara da Bompai, daga baya aka buɗe Sharaɗa da Challawa, sai aiki ya sake. Aka kafa gidajen jima, da masaƙu, da matsen mai, da na robobi, da na fenti da sabulu. Waɗannan sun ba dubban mutane abin yi, ba mai musun amfaninsu. Amma kayan aikin nasu ba irin na dā ba ne.

Gidan jima na zamani da gishirin wani ƙarfe yake aiki, sunansa kuromiyam, shi ne ke sa fata ta fito shuɗi-shuɗi tun tana ɗanya. Ba duka gishirin fata ke sha ba, ragowar tana fita da ruwan wanki. Kuromiyam iri biyu ne. Wanda ake jima da shi yana da sauƙin illa, amma yana iya rikiɗa ya zama ɗaya irin, musamman in an ƙona tarkacen fata, wannan kuwa yana cin fatar jiki da hanci da huhu, in ya shiga ciki da yawa ya taɓa ƙoda da hanta. Ban da shi akwai dalma da kadmiyam da ke fitowa daga waɗansu ayyukan. Ƙarfe kuwa ba ya ruɓewa. Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da ƙarfe.

To, ina ruwan nan yake zuwa? Na Bompai yana bin rafin Getsi, ya haɗu da Jakara, su gangara wajen dam ɗin Wasai a ƙasar Minjibir. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, na unguwar Challawa ma can yake zuwa. Kogin Challawa kuwa shi ne wanda birnin Kano ya fara shan ruwan famfo daga gare shi tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero. A bakin waɗannan rafuka akwai masu lambu da ke ban ruwa da rani, suna shuka latas da alayyafo da kabeji da albasa. Akwai makiyaya masu shayar da dabbobi, akwai masunta, akwai yara masu wanka. Malaman jami'o'i, na Bayero da na Ahmadu Bello da waɗansunsu, sun sha auna ruwan nan da ƙasar da ganyen, sun kuwa sha samun ƙarafan nan fiye da ƙimar da aka yarda da ita. Doka ta wajabta wa kowace masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi. A shekarar 2007 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar NESREA domin tilasta bin dokokin mahalli, jiha kuma tana da Ma'aikatar Mahalli. Amma jami'i ba ya kwana a bakin rafi. Mai unguwa da dagaci su ne ke ganin ranar da ruwa ya canja launi, ko kifi ya taso matacce.

Sai kuma ma'aikacin da ke cikin masana'antar. Akwai ruwaye masu ƙarfin wari waɗanda ake narka fenti da gam da su, ake kuma wanke injuna. Waɗansu daga cikinsu suna shiga jiki ta numfashi da ta fata, su tafi hanta. An ga misalin irin wannan haɗari a Amurka a 1974, a garin Louisville, inda aka sami wani ciwon dajin hanta da ba safai ake ganinsa ba a jikin ma'aikatan wani gidan haɗa sinadarin roba. Da aka bincika, sai aka tarar iskar da suke shaƙa wurin aiki ce sanadi, daga nan ƙasashe suka tsananta doka. Darasin shi ne, cuta irin wannan ba ta bayyana sai bayan shekaru, wani lokaci bayan mutum ya bar aikin ya koma ƙauyensu. Saboda haka ma'aikaci ya sa safar hannu da takalmi da abin rufe hanci, kada ya ci abinci a ɗakin aiki, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci, kada kuma ya kai kayan aiki gida a wanke tare da na yara.

Akwai wani abu da ya zama ruwan dare, watau sayen durom da jarka da aka zubar daga masana'anta, a kai gida a zuba ruwan sha ko man girki. Wannan ganganci ne. Wanki ba ya tabbatar da cewa abin da ke ciki dā ya fita.

4. Gyaɗa da fumfuna

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama dukiyar ƙasar nan, har aka yi zamanin dalar gyaɗa, wadda ta shuɗe cikin shekarun 1970. Har yanzu kuwa gyaɗa da masara suna cikin abincinmu da na dabbobinmu.

A shekarar 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin Ingila, ba a san dalili ba. Da aka fiɗe su sai aka ga hantarsu ta lalace. Aka bi sawu, aka tarar duk sun ci tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga ƙasar Birazil. A 1961 masana suka gano wata fumfuna ce mai ɗan kore-kore ke tsirowa a gyaɗar, tana zuba guba a ciki. Gubar ita ake kira afalatoksin. Ba da jimawa ba aka same ta a gyaɗar waɗansu ƙasashe, masana na Samaru ta Zariya kuma suka shiga binciken yadda take kama gyaɗar Arewa. Abin da aka gano shi ne, fumfunar ta fi kama gyaɗar da fari ya buga, da wadda ta daɗe a ƙasa ba a cire ba, da wadda fartanya ko ƙwari suka fasa, da wadda aka tara ba ta gama bushewa ba. Masara ma haka.

In mutum ya ci gubar da yawa gaba ɗaya, hanta na iya tsayawa cikin 'yan kwanaki. Haka ta faru a ƙasar Kenya a 2004, inda mutum 125 suka rasu saboda cin masara mai fumfuna. Amma abin da ya fi yawa a wurinmu shi ne ci kaɗan kaɗan, shekara da shekaru, wanda ƙarshensa ciwon dajin hanta ne. Dafuwa da suya ba su kashe gubar nan. Man da aka tace a inji yakan rabu da mafi yawanta, amma tana zama cikin tunkuza da ƙuli-ƙuli. Saniyar da ta ci dusa mai guba kuma takan fitar da wani kashi cikin nono.

Wurin da haɗarin yake shi ne, gyaɗa mai kyau ita ake kaiwa kasuwa, tsintar da ta yi baƙi ko ta motse kuwa ita ake bari a gida a yi miya, ko a sayar wa mai ƙuli da araha. Ke nan mafi muni shi ne ke shiga cikin yaranmu. Maganin abin ba shi da tsada: a cire gyaɗa a kan lokaci, a shanya ta a kan tabarma ko leda har ta bushe sarai, a tsince ɓatacciya a ƙone ta, kada a ba ko kaji, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, a gyara rufin sito da rumbu kafin damina. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fito da wani magani, Aflasafe, wanda ake watsawa a gona kafin amfani ya yi fure, yana rage gubar ƙwarai. Malamin gona zai yi bayaninsa.

5. Ciwon hanta mai yaɗuwa

Duk da abin da aka faɗa a sama, babban abokin gaban hanta a ƙasar nan wata ƙwayar cuta ce, bairos, wadda ido ba ya gani. Iri-iri ce, an sa musu suna da haruffa.

Iri na B shi ne mafi ɓarna. Wani likita na Amurka, Baruch Blumberg, shi ya gano alamarsa a jini cikin shekarun 1960, aka ba shi lambar Nobel a 1976. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi a 2022. Binciken da aka yi a Nijeriya duka a 2018 ya nuna kamar mutum 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna da shi. Watau a taron mutum ɗari, a masallaci ko a kasuwa, ana iya samun takwas, yawancinsu kuwa ba su sani ba.

Ta jini yake yaɗuwa, da ta saduwa, da daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa. Aska ɗaya da wanzami ya yi wa mutum goma aski ko ƙaho ko tsaga ko kaciya da ita, reza ɗaya ta yankan farce, allura ɗaya da aka yi wa mutum biyu, duk hanyoyi ne. Ba a ɗaukarsa ta gaisawa, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko sahun salla. Saboda haka ba daidai ba ne a ƙyamaci mai shi.

Abin da ya kamata kowane shugaba ya sani shi ne wannan. Baligi in ya kamu, yawanci jikinsa yakan kore cutar. Amma jaririn da ya kamu wajen haihuwa, 9 cikin 10 sukan zauna da ita har iyakar rai, su ne kuma ke zuwa da tabon hanta ko daji suna tsakiyar ƙarfinsu. In kuwa mai wannan cuta yana cin gyaɗa mai fumfuna, haɗarin daji yana ninkuwa sau da yawa, gama ɓarna biyu ce ta haɗu a wuri ɗaya. Akwai allurar rigakafi, Nijeriya ta sa ta cikin rigakafin yara a 2004, kyauta ake yi. Ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, sauran a mako 6 da 10 da 14. Al'adarmu ta cewa jariri ba ya fita sai bayan suna ita ce ke sa a rasa ta farkon, wadda ita ce ke tare cutar daga uwa. Wanda ya riga ya kamu kuma akwai magani da ke danne cutar, likita ne zai duba ya ga ko yana bukata.

Iri na C shi ma ta jini yake bi. Ba shi da rigakafi, amma yanzu akwai ƙwayoyi da ke warkar da shi cikin wata uku. Iri na A da na E kuwa ta ƙazamin ruwa da abinci suke zuwa. Na E yana da haɗari ƙwarai ga mai ciki, kamar yadda aka gani a yankin Diffa na Nijar a 2017.

6. Sauran abubuwan da ke ɓata hanta

Waɗannan za mu ambace su a taƙaice. Akwai zazzaɓin shawara wanda sauro ke kawowa, rigakafinsa allura ɗaya ce, ana yi wa yaro a wata 9. Akwai tsargiya ta hanji, wadda ake ɗauka wajen shiga ruwan da ke da katantanwa, kamar na hanyoyin ban ruwa. Ƙwanta yana maƙalewa a hanta, amma tana da magani. Akwai giya da burkutu. Akwai ƙiba da ciwon sukari, masu sa kitse ya taru a hanta. Akwai kuma shan magani barkatai. Farasitamol, wanda kowa ke ganin ba kome ba ne, baligi ba ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a kwana ɗaya, in ya zarce yana iya kashe hanta. Haka jiƙe-jiƙen da ake talla a mota da lasifika, waɗanda ba wanda ya san abin da ke ciki ko ma'auninsu. Mai shawara musamman ya nisance su, gama ƙara wa jaki kaya ne bayan ya durƙusa.

7. Alamun da za a gaggauta kai mutum asibiti

Ido ko tafin hannu ya yi rawaya. Fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari. Ciki ko ƙafafu su kumbura. Ciwo ko ƙullutu a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Rama da kasala da rashin cin abinci ba dalili. Aman jini ko baƙin bayan gida. Ruɗewa ga wanda ya riga ya yi shawara. Mai ciki ko jariri in suka yi rawaya, kada a kwana. Gwajin ciwon hanta iri na B da ɗigon jini ake yi, ana samunsa a manyan asibitoci kamar na Murtala Muhammad da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da ƙananan asibitoci da dama.

8. Abin da ake roƙon hakimai

Ranku ya daɗe, ga abubuwan da ake neman taimakonku a kai.

1. A umurci dagatai da masu unguwanni su tabbata duk jaririn da aka haifa an kai shi rigakafi a ranar, ko a gida aka haihu. A jawo ungozomomi da limamai cikin wannan magana.

2. A tara wanzamai ta hannun sarkin aska, a nuna musu amfanin sabuwar reza ga kowane mutum, da tafasa sauran kayan aiki.

3. A lokacin kaka a yi shela game da shanya gyaɗa da masara da tsince ɓatacciya. A yi magana da sarkin kasuwa da masu sito.

4. A hana yara wanka a magudanar masana'antu, a hana haƙa rijiya kusa da su, a gargaɗi jama'a game da durom da jarka na sinadari.

5. In ruwan rafi ya canja launi ko wari, ko dabbobi da kifi suka mutu, a rubuta wa ƙaramar hukuma da Ma'aikatar Mahalli nan take, a aika wa majalisar sarki kwafi. Kada a bar jama'a su ɗauki doka a hannunsu.

6. Masu lambu a bakin rafukan nan neman abinci suke, kora kaɗai ba ta magance kome. A taimake su wajen neman rijiyar burtsatse ko wani ruwa mai tsabta.

9. Aikin malamin hakimi

Ƙara ba ta da ƙarfi sai da shaida, shaida kuwa rubutu ne. Malami ya buɗe littafi na musamman. Duk wanda aka ba da labarin ya rasu da shawara, ko kumburin ciki, ko aman jini, a rubuta ranar, da shekarunsa, da unguwarsu, da sana'arsa, da inda ya taɓa aiki, da ruwan da gidansu ke sha. In an sami mutum biyu ko uku masu shawara a unguwa ɗaya cikin wata ɗaya, a sanar da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma ba tare da jiran ƙarshen wata ba. A rubuta abin da aka gani kawai, kada malami ya yanke hukunci a kan sanadi, wannan aikin likita ne. Littafin kuma amana ne, ba a bayyana ciwon mutum ga wanda ba ruwansa.

Tambayoyi domin bita

1. Ta hanya nawa jini yake shiga hanta, kuma me ya sa ita ce ke fara karɓar guba?
2. Kawo ayyukan hanta guda shida.
3. Me ke sa idon mutum ya yi rawaya?
4. Ina ruwan Bompai yake zuwa, ina na Sharaɗa yake zuwa?
5. Me ya sa ake so a yi wa jariri rigakafi cikin awa 24?
6. Waɗanne abubuwa malami zai rubuta in an kawo labarin rasuwar mai shawara?

Ana roƙon hakimi ya sa a karanta wannan darasi a gaban dagatai ranar da suka taru, a kuma maimaita shi kafin kaka. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.